Takardar Kawu Mumuni

Gidan da na tashi a cikinsa yana sabon Zongo, can arewacin Lome, inda aka kwashe mu aka zube bayan an rushe tsohon Zongo na tsakiyar gari. Ina 'yar shekara biyar aka yi tashin, don haka abin da na riƙe na tsohon wurin bai wuce ƙarar teku da ƙarnin kifi ba. Kaka kuwa har ta koma ga Mahaliccinta ba ta taɓa kiran sabon wurin gida ba. In za ta yi wa baƙo kwatance sai ta ce, "Can inda aka ajiye mu."

Sunanta aka sa mini, shi ya sa aka ba ta riƙona tun ina ƙarama. Ita Takwara take kirana. 'Ya'yanta kuma, da yake ba za su kama sunan uwarsu ba, suna ce mini Ƙaramar Mma. Wake da shinkafa take sayarwa da safe a bakin titi. Da an sallame magariba sai ta ɗora ƙatuwar tukunyar wake a murhu a tsakar gida, ta jefa karan dafi don ya yi ja, ta jawo kujerarta 'yar tsugunno ta zauna. Wake ba ya son gaggawa, kuma ba a barinsa shi kaɗai. Wannan zaman jiran ne ya ba mu tatsuniya, ni da yaran gidajen haya da ke kewaye da mu. Kowane yaro sai ya zo da itace ɗaya a hannu, wanda ya zo hannu wofi kuma ya koma ya nemo. Ba don ƙaunar yara take yi ba, ita da bakinta ta faɗa: surutu ne ke hana ta gyangyaɗi har wakenta ya kama.

Tana da tatsuniyoyi irin na kowace tsohuwa, amma ta fi son ta ɗauko maganar da maza ke yi a ƙofar gida ta juya ta yadda ta ga dama. A wancan zamani maganar maza ba ta da yawa. Jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, shugaba ɗaya, kowa kuma ya koyi iya bakinsa. Mu 'yan makaranta akan jera mu a bakin hanya mu yi waƙa da rawa in zai wuce, manya su yi tafi. Abu ɗaya ne mutum zai ɗaga murya a kansa, ya zagi wanda ya ga dama, kuma ya kwana a ɗakinsa lafiya, shi ne ƙwallo.

Kaka ba ta taɓa taka filin ƙwallo ba, kuma ba ta ga dalilin da zai sa ƙarti su yi ta bin fata a rana ba. Amma tarihin gasar da ƙasashen yankinmu ke bugawa tsakaninsu, wadda mu a Zongo muke kira kofin maƙwabta, ta san shi ta bakin tukunya. Marigayi mijinta mai masauki ne a tsohon Zongo, fataken goro da na shanu ke sauka wurinsa. Duk lokacin da aka zo buga wasa a Lome, zaurensa kan cika da 'yan kallo daga Akra da Kwatano da Legas, wasu har daga Yamai, kuma ita ke dafa musu.

"Da Nasara suka tafi," in ji ta, "kowace ƙasa aka ba ta tuta da waƙa. To tuta ba a cin ta, ba a ɗaura ta. Aka rasa abin da za a yi da ita, sai wani babba a Gana ya sa kofi, ya ce maƙwabta su zo a gwada ƙafa."

A faɗarta, an buga 'yan shekaru, sannan sojoji suka fara karɓar mulki nan da can, aka riƙa rufe iyaka ana buɗewa, kofin ya kwanta. Daga baya aka tashe shi da wani suna, ya sake kwanciya, aka sake tasowa da shi. Wanda ya ci da wanda aka ci kuwa, a cin abincinsu take ganewa. "Mutanen Gana su ci kafin wasa, su ci bayan wasa. Namu kafin wasa kawai suke ci." Da na girma na tambayi waɗanda suka sani, na tarar ba ta yi nisa da gaskiya ba. A shekarun da nake magana, Togo kan yi ta fama har ta kai wasan ƙarshe, ta tarar da Gana tana jira, ta dawo hannu rabbana.

Zongo kuwa ba ta taɓa yin asara gaba ɗaya a wannan gasa ba. Zabarmawa suna bayan Nijar, tsofaffin Hausawa da Yarbawa suna bayan Najeriya, masu dangi a Kumasi suna bayan Gana, samari 'yan boko suna bayan Togo. Duk ƙasar da ta ci, akwai gidan da za a yi guɗa a layinmu, akwai kuma wanda za a rufe ƙofa da wuri.

Kawu Mumuni shi ne autan Kaka. Ya yi boko har sakandare ya bari, yana taya wani sayar da kayan gyaran mota, amma aikinsa na gaskiya tsaron gida ne a ƙungiyar unguwarmu. Dogo ne, hannuwansa kusan gwiwa, in ya tsaya a raga sai ka ga ragar ta ƙanƙance. Filinmu jar ƙasa ce da tsakuwa, kullum ya dawo kwatangwalonsa a goge. Kaka ta yi ta faɗa tana shafa masa man kaɗanya, tana cewa ko jaki ya san inda zai yi birgima. Rigar wasansa kuma ba ta yarda kowa ya wanke ba sai ita.

A shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, mai horar da 'yan wasan ƙasa ya gan shi, ya kira shi sansani, ya gwada shi mako uku, ya ce yana so ya tafi da shi kofin maƙwabta. Zongo ta ɗauka. Mahauta suka riƙa aiko masa da hanta, liman ya sa shi a addu'a ranar Juma'a, har tsofaffin da ke bayan Najeriya suka ce bana sun sauya sheƙa. Ban taɓa ganin layinmu a bayan ƙasa ɗaya ba sai wannan karon.

Abu ɗaya ya rage, takardar zama ɗan ƙasa, wadda kowa ke kira nasiyonalite. Ba a sa wa mutum rigar ƙasa sai da ita, ba a yi masa fasfo sai da ita. Kawu yana da takardar haihuwa, amma wannan dabam ce, kuma mai suna irin namu sai ya kawo wanda zai yi shaida a kan mahaifinsa. Mahaifin ya rasu, yayyensa maza suna ci-rani a Abijan. Sai Kaka. Kwana takwas suka rage a rufe sunayen 'yan wasa.

A ƙa'ida abin mai sauƙi ne. Mahaifin Kawu a tsohon Zongo aka haife shi tun zamanin Jamus, a nan ya rayu, a nan aka binne shi. Uban mahaifin ne ya zo daga Katsina da jakuna. Abin da ake so Kaka ta faɗa gaskiya ce tsagwaronta. Sai dai a Zongo ba haka ake amsa wannan tambaya ba. In ka ce wa mutum ɗan ina ne, ba zai faɗa maka inda aka yanke cibiyarsa ba, garin da kakansa ya baro zai faɗa, ko da shi bai san hanyar garin ba. Akwai Kanawa a layinmu da ba su taɓa wuce Atakpame ba.

Ana gobe za a je ofis, Kawu ya yi abin da bai saba ba, ya zo ya tsuguna a bakin murhu cikinmu, har da itacensa ɗaya a hannu.

"Mma, gobe in sun tambaye ki, ki ce a Lome aka haifi Baba."

"A Lome aka haife shi mana. Da a ina?"

"Voilà. To ki tsaya nan. Kar ki ƙara komai, don Allah don Annabi."

"Auta, ni za ka koya wa magana? Takwara, iza mini wutar nan."

Na iza. Ta buɗe tukunya, ta ɗebo wake biyu ta murza a yatsa, ta mayar da murfi. Sannan ta ce, "Ga wata nan ta taso, ku matsa mata." Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Wai wani falke ne ya zo da ƙwan zabuwa daga arewa, ya sauka a wani gari na bakin ruwa, ya sa ƙwan a ƙarƙashin kaza. Aka ƙyanƙyashe shi tare da 'yan tsaki, ya tashi cikinsu, yana cin abin da suke ci, yana kwana a akurkinsu. To garuruwan bakin ruwan nan suna da wasa duk shekara. Kajin wannan gari, da agwagin wancan, da tantabarun na gaba, su taru su yi ta dukan ɗan kwakwa, wanda ya ci a ba shi ƙwaryar zinariya. Kullum agwagi ke ɗauka, don ƙafarsu faffaɗa ce. Da kaji suka ga ɗan zabo ya fi su tsalle, suka ce ya zo ya tsare musu ƙofa. Alƙalin wasa, wani tsohon hankaka, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Kai kaza ne?" Ya ce, "Kaza ne ni, uwata kaza, ubana zakara." Aka buga, ya tare duk abin da aka jefo, kaji suka ɗauki ƙwarya, aka ɗaga shi sama ana guɗa.

Shekara ta juyo aka yi fari, tsaba ta yi wuya. Kaji suka zauna suka ce bakuna sun yi yawa, a duba wanda zanensa ya bambanta. Aka duba, aka ga ɗige-ɗige a jikin ɗan zabo, aka nuna masa hanya. Ya shiga daji yana neman dangi, ya tarar da zabi suna kiwo. Suka ce, "Ɗan wane gida?" Ya buɗe baki zai faɗa, sai cara ta fito irin ta zakara, don tun ranar da ya rantse a gaban hankaka sunan gidansu ya gudu daga bakinsa. Zabi suka tashi fir, suka bar shi.

"Yana nan har yau a bakin daji," in ji Kaka, "ba ya ciki, ba ya waje. Ƙurunƙus, ta ƙare, wanda ya ji da shi ake."

Ko mu yara mun san da wa ake. Kawu ya yar da tsinken da yake tonon ƙasa da shi, ya ɗago.

"Mma, ke kanki kin taɓa zuwa Katsinar nan?"

"Makka ma ban taɓa zuwa ba, amma ita nake duba in zan yi salla."

"Ni nan aka haife ni, nan na yi lakwal, karatun bokona duka. Waƙar tutar nan na iya ta, ta Najeriya ko baiti ɗaya ban sani ba."

"Kana yaro lokacin da Gana ta kori baƙi, ni na dafa musu. Zauren ubanka ya cika, tsakar gida ya cika, har kan titi. Mutanen da aka haife su a Kumasi, aka haifi iyayensu a Kumasi. Wanda ya san sunan garinsu, kwana biyu ya hau mota ya wuce. Wanda ya manta, yana nan zaune da tabarmarsa har damina ta same shi. Kwanan nan ma ba ka ga na Gana da Najeriya ta koro ba, zube a bakin teku? Mu nan ba da katafila aka tashe mu ba? Yau suna son hannunka, Auta. Ranar da suka gaji da kai fa?"

"Ba wanda ya ce ki yi ƙarya, Mma. Ki faɗi abin da aka tambaye ki, saura ki bar shi a gida."

"Allah ya kai mu goben," ta ce, ta kira ni in kama mata mu sauke tukunya.

Washegari ta bar wa maƙwabciya abincin ta sayar mata, ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi, muka shiga gari mu uku. Ni an ɗauke ni ne don tafinta. Kaka tana jin Mina, yaren kasuwar Lome, har faɗa tana yi da shi, amma ta ce maganar hukuma ba a yin ta da yaren ciniki. Kawu kuma ba a yarda mai nema ya yi wa mai shaidarsa tafinta ba, aka bar shi a baranda. Kwana uku ya yi yana koya wa Kaka abin da za ta ce. Ni ba wanda ya tuna ya koya mini komai.

Akawun da muka samu saurayi ne, kuma da ya ga sunan da ke kan takarda sai ya yi murmushi. Ashe ya san Kawu, ya sha zuwa kallonsa. Ya ba Kaka kujera, ya tambayi sunanta da na mijinta da shekarar da ya rasu, duk muka wuce lafiya. Ana cikin haka shugabansa ya shigo neman wani fayil, wani dattijo mai gilashi da ɗan hoton shugaban ƙasa maƙale a ƙirji. Ya tsaya a bayan akawun yana bincike a kabad.

Akawu ya dube ni, ya ce da Faransanci a hankali, "Tambayi kakarki, mahaifin yaron nan a ina aka haife shi." Yanzu na gane zaɓen kalmominsa ya yi. Na juya mata da Hausa daidai yadda ya faɗa.

Kaka ta gyara mayafi. "Ce masa a nan Lome aka haife shi. Amma ce masa haihuwa ba ita ce asali ba, akuya in ta haihu a masallaci ɗanta bai zama ladan ba. Bakatsine ne ɗan Bakatsine, gidansu na kusa da marina. Ya rubuta haka, kar wata rana a ce ba mu da gari."

Ba mai jin Hausa a ɗakin nan sai ni da ita. Akawu ya ce, "Me ta ce, petite?" Kalma ɗaya ta ishe shi, kuma da ita Kaka ta fara. Da na ce Lome na rufe bakina, da ba ƙarya na yi ba. Amma ni ce ta ɗaya a ajinmu a Faransanci, kuma ban taɓa samun babban mutum mai gilashi yana saurarena ba. So nake su ga 'yar Zongo ba ta zubar da ko kalma guda. Na miƙe tsaye, na harɗe hannu yadda ake yi a aji, na fassara duka: Lome, da asali, da akuya, da masallaci, da Katsina, da marina. Har daɗi na ji da na tuna yadda ake ce wa ladan da Faransanci.

Mai gilashi ya daina binciken kabad. Ya yi dariya a kan akuyar, ya ce Faransancina ya yi kyau, ya tambayi makarantarmu. Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki takardun Kawu, ya rubuta wani abu a samansu da jan biro, ya ce tunda uwar da bakinta ta ce asalinsu waje ne, sai an yi bincike. Akawun bai ƙara kallona ba.

Muka fito muka tarar da Kawu jingine da ginshiƙi. Bai tambayi Kaka ba, ni ya duba. Na ce, "An ce Faransancina ya yi kyau." Sai na fashe da kuka, don a lokacin ne na ji nauyin abin da na yi. Ya tare mana tasi, ya buɗe wa uwarsa ƙofa, ya rufe, ya ce shi zai taka. Daga tsakiyar gari zuwa sabon Zongo tafiya ce mai nisa, sai bayan la'asar ya iso.

An ce mai horarwa ya yi ƙoƙarinsa, akawun ma ya yi, amma bincike ba ya sauri don ana ƙwallo. Aka rufe sunaye, aka tafi da wani. Ranar wasan ƙarshe maza suka kewaye rediyo a ƙofar gida, Kawu yana cikinsu don ba ya so a ce ya ɓuya. Gana ta ci kamar yadda ta saba. Har yau akwai tsofaffi a Zongo da ke rantsuwa cewa da Mumuni ne a raga, da kofin ya kwana a Lome. Ni ban sani ba. Gana ta zura wa waɗanda suka fi shi.

Bai yi wa Kaka rashin kunya ba, ba irinsa ba ne. Ya dai daina cin wakenta, kusan wata biyu yana sayen koko a waje, kuma a gidan mai sayar da abinci wannan ya fi zagi ciwo. Ita kuma ba ta ba shi haƙuri ba. Kullum ta zuba masa a kwanonsa ta rufe, da yamma ta juye wa yara. Wata safiya muka ga kwanon wayam. Takardar ta fito daga baya, bayan shekaru, lokacin da ya ajiye tumbi ya zama direban babbar mota, gasar ma ta sake kwanciya. Ya karɓa ya sa a ƙasan akwati.

Tuƙin nan ne ya kai shi arewa. Wata shekara ya kai kaya Maraɗi, da ya sauke ya ce bari ya ƙarasa Katsina tunda ga ta nan kusa. Ranar da ya dawo Kaka tana bakin murhu, ta tsufa, ni ke ɗora mata tukunya. Ba ta bari ya zauna ba.

"Ka ga gidan?"

"Na gani, Mma."

"Kusa da marina?"

"Kusa da marina. Suna gaishe ki. Sun ce ƙofa a buɗe take duk ranar da muka so."

Ya miƙa mata ƙullin daddawa, ya ce tsarabarsu ce. Ta kwance ta sunsuna, ta ce, "Ka gani ko, Auta?" Ranar ba ta yi tatsuniya ba, ta sa shi ya yi ta ba mu labarin ganuwa da kasuwa har wake ya nuna. Bayan damina biyu ta rasu, hankalinta kwance.

Ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar a fili yake, kada mutum ya musanta asalinsa. Da na zama budurwa na yi karatu sai na juya wa tatsuniyar baya gaba ɗaya, na ce tsohuwa ce ta toshe wa ɗanta hanya saboda garin da ba ta taɓa gani ba. Yanzu da na yi jika, na kuma sha layi a ofisoshi irin wancan don 'ya'yana, ba na iya yanke mata hukunci da sauƙi haka. Ba alfahari ne ya sa ta magana ba, tsoro ne. Ta ga an kori mutane sau biyu, ta ga an rushe ɗakin da ta haihu a cikinsa, abin da ya rage mata wanda ba mai iya ƙwacewa sunan wani gari ne, kuma aka ce ta ajiye shi a ƙofa don ƙwallo. Nawa laifin ba shi da irin wannan uzuri. Ni yabo kawai nake so, kuma na samu.

Bara na je gaishe da Kawu a Kegue, inda yake zaune wurin ɗansa, ba nisa da babban filin wasa. In ana buga ƙwallo ihun har ɗakinsa yake shigowa. Gwiwoyi sun ƙi shi, daga kujera sai tabarmar salla. Na same shi yana kallon wasan maƙwabta a talabijin, don an sake taso da gasar da wani sabon suna. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da na daɗe ina riƙe da shi, na ce ya yafe mini abin da na yi a ofishin nan.

"Ƙaramar Mma, har yanzu kina nan? Uwaye biyu Allah ya ba ni, suka haɗa kai suka zura mini ɗaya. Wane gola ne zai tare wannan?" Ya yi dariya har da tari. "Na yafe tun a hanya, kafin in iso gida."

Don in sauƙaƙa wa kaina na ce, ko ba komai dai ya ga gidan, dangi suna nan.

"Wane gida?" ya ce. "Kwana uku na yi ina yawo. Marina ba ɗaya ba ce, wasu ma an cike su an yi gini. Na faɗi sunan kakanmu, na faɗi na ubansa, ba wanda ya taɓa ji. Wani dattijo ya ce mini, yaro, fatake nawa suka tafi Gwanja ba su dawo ba? Daddawar a tasha na saya."

"Kawu, ba ka gaya mata ba."

"In ce mata me? Gidan nan da ni ta saye shi. In dawo in ce mata babu?"

Shi bai ga wani abin damuwa ba, ya ci gaba.

"Amma fa mutanen kirki ne. Sun ba ni masauki, sun dama mini fura. Da sun ji Hausata sai su yi dariya, su kira yara su zo su ji. Kin san sunan da suka sa mini? Ɗan Togo. Daga tasha har masallaci, ga Ɗan Togo nan, a ba Ɗan Togo ruwa."

Ya mayar da ido kan talabijin, inda wani yaro dogo ke gyara safar hannu a bakin raga.

"Kwana uku na yi ina ɗan Togo, Ƙaramar Mma, ba wanda ya tambaye ni takarda."